Ba filin ƙwallo ne ya cinye kuɗin karatu ba

Wani labari da na karanta ya ce jami'o'inmu na zuba kuɗi a wasanni da bukukuwa alhali karatu na mutuwa. Rabin maganar na yarda da ita, amma ɗora laifin a kan wasanni zalunci ne. Ɗan'uwa da ka yi sharhi a kan labarin cewa a soke gasar NUGA, wato gasar wasannin jami'o'in Najeriya, gaba ɗaya, don Allah yaushe rabonka da leƙa filin wasan wata jami'ar gwamnati? Ciyawa har gwiwa, raga ta yage, ɗalibai ke karo-karo su sayi ƙwallo, alhali kowannensu ya biya kuɗin wasanni lokacin rajista. Wannan kuɗin ya kamata a bi kadinsa. Abin da ya durƙusar da karatu a bayyane yake: a 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi wata takwas tana yajin aiki kan kuɗaɗen farfaɗo da jami'o'i da alkawuran yarjejeniyar da ta ƙulla da gwamnatin tarayya a 2009, sannan ƙarin kuɗin lantarki na Afrilun 2024 ya zo ya shaƙe jami'o'in. TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, na gina ɗakunan lacca, amma ba ta biyan albashi ko kuɗin wuta, shi ya sa za ka ga gini sabo fil, ɗalibai kuwa sun yi cincirindo a kan madubin ƙara girma ɗaya a ɗakin gwaji. Inda nake tare da marubucin labarin shi ne bikin yaye ɗalibai da rabon digirin girmamawa ga masu hannu da shuni. Me zai hana kowace jami'a ta wallafa abin da ta kashe a kansu, mu gwada da kason ɗakin karatu?