Birkin Motar Kwana

(Alhaji ya shigo gareji da tsohuwar motarsa mai ɗaki a ciki, Fiat Ducato ƙirar 1994. Ga gado, ga tankin ruwa, ga tukunyar gas, har da labule. Kafin ta tsaya sai da ta yi wani ƙiiii da ya tashi Ɗanliti, yaron Oga, daga gyangyaɗi.)

OGA: Sannu da zuwa, Alhaji. Tun daga kwanar can muke jin sallamarka.

ALHAJI: Ba wani abu ba ne, ɗan kuka take yi. Ɗiga mata mai a wurin ta yi shiru.

OGA: Mai a birki? Ranka ya daɗe, in na zuba, shirun da za ta yi har da kai a ciki. Ɗanliti! Sa katako a tayar baya, ka sassauta noti tun taya na ƙasa, sannan ka ɗaga jak. Ka kuma tokare ta da ƙarfe, jak ba amini ba ne.

ALHAJI: To bari in shiga ciki in ɗan kishingiɗa kafin ku gama.

OGA: Haba Alhaji, mota na sama?

ALHAJI: Ɗakina ne fa.

OGA: Yau ɗakin yana asibiti. Ga benci.

(An cire taya. Oga ya kwance kusoshi biyu na kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad, takalmin birki, a jikin faifan birki, ya zaro ta.)

OGA: Riƙe. A'a, kada ka sake ta tana lilo! Wannan robar ce hanyar man birki, ba igiyar shanya ba ce. Nemo waya ka rataye ta.

ƊANLITI: Oga, ina fad ɗin? Ban gan shi ba.

OGA: Shi ne a hannunka.

ƊANLITI: Wannan ai ƙarfe ne zalla.

OGA: To ka ga kukan da Alhaji ke cewa ɗan kaɗan. Fad ya cinye tas, ƙarfe na cin ƙarfe. Alhaji, zo ka shafa faifan nan da yatsa.

ALHAJI: Kai! Kamar kuyyan gona.

OGA: Ga kuma baki ya yi masa a gefe. Dubi nan, akwai lamba da kamfani ya buga, ita ce iyakar sirancin da aka yarda ya kai. Naka ya wuce ta tun tuni. Faifai da fad duka za a sauya, hagu da dama.

ALHAJI: Dama kuma? Hagu ce ke kuka. Wanda bai yi kuka ba ai ba a ba shi magani.

OGA: In ɗaya sabo ne ɗaya tsoho, kamunsu ba zai zo daidai ba. Ka taka birki, mota ta karkace ta nufi inda ba ka aike ta ba. Kuma gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, balle taka da ke goye da gado da tanki.

ALHAJI: Ai ba na ma hawanta sosai. Wata takwas tana ajiye.

OGA: Shi ya sa tsatsa ta ɗaura wa faifan nan aure da mazauninsa. Miƙo guduma.

(Gwam! Gwam! Kowane bugu, Alhaji na dafe ƙirji. A na bakwai faifai ya saki, tsatsa ta zubo wa Ɗanliti a ka.)

OGA: Goge mazaunin da burushin waya har ya yi ƙyalli. Ɗan ɓurɓushi ɗaya ya rage a ƙasa, faifai zai zauna a karkace, sitiyari ya riƙa kakkarwa. Sabon kuma ka wanke masa man da aka shafa don tsatsa.

ALHAJI: Tsaya! Man nan da shi na saya. A bar mini abina.

OGA: Zan zuba maka shi a leda.

(Oga ya matsa fistin, wato ƙarfen cikin kalifa da ke tura fad, ya koma ciki a hankali. Ɗanliti ya leƙa gaban mota.)

ƊANLITI: Oga, albishirinka! Man birki ya ƙaru da kansa, har yana shirin zuba!

ALHAJI: Alhamdu lillahi! Ka ga motar albarka.

OGA: Wanda fistin ya koro ne ya dawo sama. Zuƙe kaɗan, in ya taɓa fenti zai cinye shi. Kai kuma wane irin sa fad ne wannan? Ka juya ƙarfen yana kallon faifai!

ƊANLITI: Haka na ga tsohon yake, Oga.

(An gyara, an gama ɓangare biyu, an sauke mota, an ɗaure noti. Oga ya juya wanke hannu yana magana.)

OGA: Kilomita ɗari biyu zuwa uku na farko ka riƙa taka birki a hankali har fad ya zauna. Kuma kafin ka motsa sai ka bubbuga feda har ta yi tauri, don fistin yana can baya bai...

(Alhaji tuni ya tayar, ya sa ribas. Ya taka birki, feda ta tafi har ƙasa fayau.)

ALHAJI: Innalillahi! Babu! Babu birki!

(Mota ta yi taku ɗaya baya, ta yi ƙif ta tsaya, saura kaɗan ta sumbaci bango.)

OGA: Me ya tare ta?

ƊANLITI: Katakon ne, Oga. Na ja shi baya zan ɗauke, sai na manta.

(Alhaji ya sauko ƙafa na rawa. Ya durƙusa ya daɗe yana kallon katakon, sannan ya ɗago.)

ALHAJI: Oga.

OGA: Ranka ya daɗe.

ALHAJI: Wannan katakon, shi ma sai an sayi hagu da dama, ko ɗaya ya isa?