Ranar da ƙanƙara ta ƙi jiran shaidu

Tun da na ji yadda ƙanƙara ke tsirowa a ƙarƙashin tekun Antatika na hana mutanen gidana sakat. Ruwan teku, saboda gishirinsa, sai ya kai kusan digiri 1.9 ƙasa da sifili yake daskarewa. A can ƙasan makeken dandalin ƙanƙara na Ross da ke shimfiɗe a kan teku kuwa, nauyin ruwa na ƙara sauke wannan ma'auni. Ruwan da ya narkar da gindin dandalin sai ya taso sama, matsi ya ragu, ya wayi gari sanyinsa ya wuce na daskarewa alhali yana nan ruwa. Ya cika ya batse, jira kawai yake a taɓa shi. Da ya samu 'yar ƙwayar ƙanƙara sai siraran faya-faye su yi ta tsirowa, suna taruwa ƙarƙashin ƙanƙarar da ta rufe mashigin McMurdo.

Ni dai ba ni da Antatika, amma ina da firiza. Na yi wa iyali alƙawarin za su ga ruwa ya zama ƙanƙara a gaban idonsu kafin ƙiftawa da bismilla.

Gorar ruwa ta farko da na saka a firiza, na yi ta leƙa ta duk minti goma har uwargida ta ce in bar mata ƙofar firiza ta huta. Ta biyu barci ya sace ni, na tarar da ita kamar dutse, gindinta ya kumbura, ko tsayuwa ba ta yi.

Ta uku ce ta yi. Bayan awa biyu da rabi na buɗe a hankali, ga ruwa garau, ko ɗigon ƙanƙara babu. Na ɗauko ta kamar ƙwai, ina ƙwala kira: "Ku fito! Maza ku fito!" Garin waiwaye na buga ta da gefen ƙofa. Wallahi ina kallo farin abu ya taso daga wuyanta, ya yi ta gangarowa kamar gashin tsuntsu har gindi. Daƙiƙa kaɗan, an gama. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba, kuma ni kaɗai na gani.

Suka iso a guje, suka tarar da ƙato riƙe da gorar ƙanƙara yana haki. Autana ya ce, "Baba, yaushe za a fara?"

Uwargida ta dubi gorar, ta dube ni, ta ce, "Maigida, ai tun ranar da aka kawo firizar nan aikinta ke nan."