Ruwan Tafadek da hannuwan Goggo

Tun da Goggo ta dawo daga wankan ruwan zafi na Tafadek, can wajen Agadas, gardama ta ƙi ƙarewa a gidanmu na Bagalam, to bari ni ma in faɗi tawa.

Shekara shida ke nan tana fama da amosanin gaɓɓai, wanda a gida muke ce wa sanyin ƙashi. Nata ba na tsufa ba ne. Likita ya ce garkuwar jikinta ce ta juyo tana cin gaɓoɓinta, shi ya sa ya kama hannuwan biyu wuri ɗaya, ƴan yatsu da wuyan hannu. Da asuba yatsun kan sandare fiye da awa guda. Na sha ganinta ta rungumo buta da damatsanta biyu tana tuttulo ruwan alwala, don kada ta tashi jikarta. Matar da ta yi shekara talatin tana matsar ƙuli-ƙuli! Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ke da wannan ciwo, kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne.

Bara aka haɗa mata kuɗin mota ta tafi Agadas, daga can aka shiga da ita dutsin Ayar, inda ruwan zafi ke ɓulɓulowa daga ƙasa. Kwana goma tana shiga. Ta dawo tana riƙe muciya, tana jan carbi, barci har da minshari. Nan gida ya rabu biyu. Baffa ya ce ta warke, a bar ɓarnar kuɗi a farmasi. Ƙanena ɗan jami'a kuwa ya ce duk camfi ne.

Dukansu ban yarda da su ba, amma na fi jin haushin ɗan bokon. Ɗumi na sassauta tsoka, ruwa kuma na ɗauke wa gaɓa nauyi, sai mutum ya motsa abin da ba ya iya motsawa a tudu. A Faransa, garuruwa irin su Dax da wannan wanka suka yi suna, likita ke rubuta wa mutum kwana 18, inshorar lafiya ta biya wani kaso. Gaskiya ne masanan Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken likitanci, da suka tattara bincike tara kan irin wannan wanka a 2015 sun ce hujjar ba ta kai a yanke hukunci ba. To amma wanda bai taɓa jiran a zo a ɗaura masa zane ba, kada ya raina wata biyu na sauƙi. Ranar da ta tuƙa tuwo da kanta har maƙwabta sai da ta aika wa.

Baffa kuwa maganarsa ta fi haɗari, don an bi ta. Goggo ta ajiye methotrexate, ƙwayar da take sha sau ɗaya a mako, wadda ita ce ke taka wa ciwon birki. Ruwa yana lallashin zafi ne, gaɓar kuwa na ci gaba da cinyewa daga ciki, yatsan da ya karkace kuma ba ya miƙewa. Hunturu na shigowa ta koma gidan jiya. Sai aka faɗa wa diclofenac, ƙwayar rage raɗaɗi ta masu talla a tire, ana sha kamar gyaɗa, har cikinta ya fara ƙuna.

Yanzu mun mayar da ita kan maganinta, ana auna jininta yadda likita ya ce. Tafadek kuma mun kawo shi gida gwargwadon hali. Kafin kiran assalatu ana ɗora tukunya a gawayi, a sirka ruwan a roba, a gwada da gwiwar hannu kada ya ƙone ta. Ta tsoma hannuwa kamar minti goma sha biyar tana dunƙulewa tana buɗewa. In gaɓa ta kumbura ta yi zafi rau, ranar ba a sa mata ɗumi. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kuma ya tambayi likita kafin ya shiga ruwan zafi gaba ɗayansa.

Jiya na ce mata, "Goggo, za ki sake komawa Ayar?"

Ta ce, "Ɗan nan, in ka biya motar gobe ma sai in tafi. Amma da ƙwayata a ƙullin zane."