Ƙaramin minista: kujerar da ba ta da rubutaccen aiki

Sashe na 147 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya wajabta wa shugaban ƙasa ɗauko minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha. Jihohi 36 ne, ma'aikatun kuwa ba su kai haka ba, shi ya sa ake raba wasu gida biyu, a ce wannan babba, wancan ƙarami. A ganina nan ɓarnar take farawa, domin ƙaramin yakan shiga ofis ba tare da an rubuta masa inda ikonsa ya tsaya ba.

Mutanen da ake ba kujerar ba ƙanana ba ne. Bello Matawalle ya yi gwamnan Zamfara daga 2019 zuwa 2023 kafin a kai shi ma'aikatar tsaro. Timipre Sylva ya mulki Bayelsa kafin ya riƙe ta man fetur. Abdullahi Tijjani Gwarzo tsohon mataimakin gwamnan Kano ne, da aka sauke shi daga kujerar ƙaramin minista a Oktoban 2024 kuma sai aka maye gurbinsa da Yusuf Abdullahi Ata, tsohon kakakin majalisar dokokin jihar. Kowa ya san wannan lissafin siyasa ne: a faranta wa jiha, a saka wa wanda ya yi wa jam'iyya wahala.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake watsi da ƙwarewar mutum. Dakta Yusuf Tanko Sununu likita ne daga Kebbi, amma a 2023 ilimi aka tura shi, bayan shekara guda aka mayar da shi ma'aikatar jin ƙai. Yaushe zai san daraktocinsa, balle ya bar wani abin a zo a gani? Majalisar Dattawa ma ba ta taimaka, tunda tana tantance mutum ba ta san ma'aikatar da za a ba shi ba, tsofaffin abokan aikinta kuwa rusunawa kawai suke yi su wuce.

Festus Keyamo, wanda ya yi ƙaramin minista shekara huɗu, ya faɗa a gaban Buhari a Mayun 2023 cewa kundin tsarin mulki bai san da muƙamin ba. Tun a 2017 Ibe Kachikwu, ƙaramin ministan man fetur a lokacin, ya rubuta wa shugaban ƙasa yana kukan cewa shugaban kamfanin mai na ƙasa NNPC, Maikanti Baru, yana tsallake shi wajen naɗe-naɗe da kwangiloli.

Duk da haka ban goyi bayan a soke kujerar ba, don tana iya zama makaranta. Zainab Shamsuna Ahmed ta fara da ƙaramar ministar kasafi da tsare-tsare a 2015, da ministar kuɗi Kemi Adeosun ta ajiye aiki a 2018 sai Zainab ta karɓi ma'aikatar kuɗi da sanin lissafin gwamnati a hannunta. Abin da ya yi mata amfani shi ne an ajiye ta a fagen da ta sani. Saboda haka shugaban ƙasa ya riƙa aika sunaye majalisa haɗe da ma'aikatu, a kuma buga hukumomin da ke ƙarƙashin kowane ƙaramin minista, yadda idan aiki ya lalace za mu san ƙofar wanda za mu ƙwanƙwasa.