Wanda ya taɓo uwar Ketel Marte da masu nema masa uzuri

Tun da abin ya faru nake bin abin da mutane ke rubutawa a kan zagin uwa da wani yaro ɗan kallo ya yi wa Ketel Marte, ɗan wasan besbol na ƙungiyar Arizona Diamondbacks, a Shikago, kuma wallahi masu kare wannan yaro sun fi shi kansa ba ni haushi. Shi dai ya yi ta'asarsa, an fitar da shi daga fili, hukumar MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ta haramta masa shiga dukkan filayenta har illa ma sha Allahu. Amma ga wasu manya da gemunsu sun gyara zama suna yi mana bayani, wai ai haka wasan besbol ya gada, wai tsokana ce irin ta 'yan kallo, wai yaro ne ɗan shekara 22, wai wataƙila ya ɗan kurɓa ne ta hau masa ka. To, madalla. Ashe akwai adadin kofin giyar da idan mutum ya kai, uwar wani da ke kwance a kabari ta zama halal a bakinsa. A taimaka a faɗa mana adadin, kofi uku ne ko biyar, domin mu ma mu riƙe lissafi.

Duk wanda ya kalli bidiyon daren Talata, 24 ga Yunin 2025, ya ga abin da na gani. Namiji mai shekara 31, wanda a zangon farko cikin zanguna tara na wasan ya maka ƙwallo ta tsallake katanga, sai ga shi tsaye a tsakiyar fili hawaye na zuba, kocinsa Torey Lovullo ya dafa shi yana rarrashi. Mahaifiyarsa ta rasu a hatsarin mota a Jamhuriyar Dominikan a 2017, kuma ita aka ambata masa daga cikin 'yan kallo a filin White Sox, ƙungiyar Shikago, lokacin da ya zo bugu a zango na bakwai. Na ga masu cewa ai mai zagin bai san ta rasu ba. Da tana raye, shi ke nan ya halatta? Mu da muka tashi a inda kalma ɗaya a kan uwa ke raba abota ta shekara ashirin ba ma buƙatar wani ya yi mana dogon turanci a kan wannan.

Abin da nake so ya zauna a kan kowa shi ne, tikiti kujera yake saya wa mutum. Kujera, da damar kallo, da damar yin ihu idan ƙungiyarsa ta ci, da damar yin tsaki idan ta faɗi. Babu wani tikiti a duniya, ko na dala dubu ne, da aka rubuta a bayansa cewa mai shi ya sayi mutuncin wanda ke cikin fili. Kuma giya ba ta ƙara wa tikitin nan komai. Wanda ya sha ya zagi uwar mutum laifi biyu gare shi, ya zubar da hankalinsa da kuɗinsa, sannan ya zubar da mutuncin wani, amma a wurin masu uzuri sai laifin farko ya zama sabulun wanke na biyu. Wannan wane irin hisabi ne?

Ku duba abin da aka yi wa Jarren Duran na Boston Red Sox a watan Afrilun 2025 a Kilibland. Bawan Allah ya fito a wani shiri na Netflix ya bayyana cewa damuwa ta taɓa kai shi ga yunƙurin halaka kansa, ya faɗi hakan ne domin masu irin halinsa su san ba su kaɗai ba ne. Makonni kaɗan bayan haka wani ɗan kallo da ke zaune kusa da fili ya ɗauki wannan magana ya jefe shi da ita. Yanzu a gaya mini, giya ce ta kalli shirin? Giya ce ta haddace labarin, ta ajiye shi, ta jira ranar da Duran zai zo garin? Giya ba ta yin bincike. Iyakarta ta kwance linzamin da ke bakin mutum, abin da ya fito kuwa tun a gida aka ɗauro shi.

Wanda bai saba kallon besbol ba zai yi mamakin yadda zagin mutum ɗaya ke isa kunnen ɗan wasa a cikin taron dubu talatin. Yanayin wasan ne ya ba da ƙofa. Wasa ne mai yawan tsayawa, ana jefa ƙwallo, a dakata, a sake jefawa, fili ya yi tsit. Mai tsaron bayan fili yana tsaye shi kaɗai a wuri guda, ya ba 'yan kallo baya, tazarar da ke tsakaninsa da su wani lokaci ba ta wuce taku kaɗan ba, kuma zai koma wurin nan sau tara a dare ɗaya. Wanda ke jiran layin bugu yana tsaye dab da kujerun gaba. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, rabinsu a gidan wasu. Ke nan mashayi yana da sa'o'i kusan uku da mutum a gabansa wanda doka ta ɗaure wa hannu da baki, idan ya rama a ci shi tara, a dakatar da shi, jaridu su ce ba shi da haƙuri. Jarumtar ke nan da ake so mu yaba, zagin wanda aka san ba zai iya hauro katanga ba.

Sai kuma masu cewa ai miliyoyi ake biyansu, su jure. Gaskiya ne Marte ya sa hannu a kwantiragin da ya haura dala miliyan 100. To sai me? An biya shi ne ya buga ƙwallo, kuma ya buga. Ban san kuɗin da ke hana maraici ciwo ba, wanda ya sani ya kawo mana farashi. Idan albashi ne ke halatta zagi, to duk ma'aikacin da ya fi maƙwabcinsa samu sai ya shirya, gobe za a same shi a ofis da gwangwanin giya a hannu a yi masa ta uwa ta uba, tunda an biya shi.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙungiyoyin da ke fitar da sanarwar baƙin ciki bayan kowace irin wannan ta'asa su ne masu sayar da giyar, kuma ba da wasa suke sayarwa ba. Filin Colorado Rockies sunansa Coors Field, na St. Louis Cardinals sunansa Busch Stadium, duka sunayen masu giya ne, ƙungiyar Milwaukee kuwa ma'anar sunanta ma masu dafa giya. An daɗe da al'adar rufe sayar da barasa bayan zango na bakwai, wai domin mutane su ɗan wartsake kafin su kama sitiyari. A 2023 aka kawo agogon da ke ƙayyade wa mai jefa ƙwallo lokaci, wasa ya ragu da kusan minti 24. Me ƙungiyoyi suka yi da suka ga lokacin ciniki ya ragu? Wasu, ciki har da Milwaukee da Texas Rangers da Minnesota Twins da ita kanta Arizona ta su Marte, suka tsawaita sayarwa zuwa zango na takwas. Matt Strahm, mai jefa ƙwallo a Philadelphia Phillies a lokacin, ya fito ya ce hankali cewa ya yi tunda wasa ya gajarta a rufe da wuri, a zango na shida, ba a ƙara ba. Ɗan wasa ne ya tuna musu da rayukan masu tuƙi, masu fili suna can suna ƙirga kofi.

Kuma kada wani ya ce ba su san ƙarshen abin ba, tarihinsu ne ya rubuta musu. Ranar 4 ga Yunin 1974 ƙungiyar Kilibland ta sayar da kofin giya a kan senti goma domin ta jawo 'yan kallo, mutum 25,134 suka shiga. A zango na tara, ana kunnen doki biyar da biyar, mashaya sun cika fili, 'yan wasan Texas Rangers da kocinsu Billy Martin suka fito da gorunan bugu domin ceto ɗan'uwansu Jeff Burroughs, 'yan wasan gida ma suka fito suna kare baƙi daga nasu magoya bayan, aka fasa wa alƙalin wasa Nestor Chylak kai, aka ba Texas nasara a kan tebur. Darasin da aka koya? A watan Yulin shekarar aka sake yin daren senti goma, sai dai an rage yawan kofin da mutum zai saya. A 2002, a wannan filin na White Sox da aka sa Marte kuka, wani uba da ɗansa suka diro daga kujeru suka rufe kocin Kansas City Royals, Tom Gamboa, da duka, dattijo mai shekara 54, har jinsa ya samu matsala ta dindindin. A 2016 a Toronto aka wurgo gwangwanin giya ya wuce dab da kan Hyun Soo Kim yana ƙoƙarin cafe ƙwallo. A 2017 a Boston aka yi wa Adam Jones zagin launin fata, aka jefe shi da ƙullin gyaɗa, shekara saba'in cif bayan Jackie Robinson, baƙar fatan da ya karya shingen wariyar launin fata a gasar, ya sha irin wannan, a gasar da ke sa kowa ya sanya lamba 42 duk ranar 15 ga Afrilu domin girmama shi. A 2022 'yan kallon Yankees suka yi wa 'yan wasan Kilibland ruwan gwangwani da shara, bayan sun gama yi wa Steven Kwan ba'a yana fama da raunin karo da katanga. Kowane lokaci sanarwa iri ɗaya ce: wannan ba halinmu ba ne, wasu tsiraru ne. Tsirarun nan dai sun fi shekara hamsin suna tsiraru, kuma ba su taɓa rasa mai zuba musu ba.

Na taɓa zama a wani fili, layi biyu tsakanina da wani mutum da ya fara tun zango na uku. Da farko ba'a ce, mutane na dariya. Yana ƙara kofi, magana na ƙara wari, har ya kai ga matar ɗan wasan da 'ya'yansa. A gefensa akwai yaro da bai wuce shekara takwas ba, sanye da rigar ƙungiya da safar cafe ƙwallo a hannu, ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar safar. Mu kusan ashirin muna ji, babu wanda ya tanka, har da ni. Akwai lambar da ake aika saƙo a kira masu tsaro, tana nan a rubuce a allo, na kalle ta na kau da kai, na ce ba ruwana, baƙo ne ni. Har yau idan na tuna fuskar yaron nan kunya nake ji. Saboda haka idan na ce masu dariya da masu shiru suna da kaso a wannan laifi, da kaina na fara. Mashayin nan ba don ɗan wasa yake ihu ba, don mu yake yi, dariyarmu ce ladansa.

Na san wani zai shigo ya ce, malam, ka bar Amurka ka dubi filayen ƙwallon ƙafarmu, inda babu mai sayar da giya a kujeru amma ana jifan alƙalin wasa da dutse, ana zagin iyayen 'yan wasa tun daga busa zuwa tashi. Na gode, ka taya ni kafa hujja. Idan ana yi babu giya, ashe ba giyar ce ta ƙirƙiro halin ba, don haka kada a kawo mini ita a matsayin uzuri a Shikago. Tunanin ɗaya ne a can da nan, cewa na biya kuɗin shiga, saboda haka wanda ke cikin fili nawa ne. Ba naka ba ne. Kujera ka saya.

An kyauta da White Sox suka sa saƙon goyon baya ga Marte a allon filinsu washegari, an kyauta da aka kori yaron. Sai dai allo ba ya cin ko sisi, ita kuwa rufe famfon giya a zango na shida tana taɓa aljihu, shi ya sa za ku ga na farko sau ɗari kafin ku ga na biyu sau ɗaya. Korar ma, ta yaya ake tabbatar da ita a filaye talatin masu ƙofofi barkatai, idan mutum ya sa hula ya sayi tikiti da sunan abokinsa?

Yanzu ma abin ya bar kujerun fili ya bi 'yan wasa har ɗakin kwana. A watan Mayun 2025 Lance McCullers Jr. na Houston Astros, wanda ya dawo bayan jinyar da ta raba shi da wasa sama da shekara biyu, ya yi mummunan wasa da Cincinnati Reds, aka ci shi bakwai tun a zangon farko. A daren aka aiko masa saƙo ta intanet ana barazanar kashe 'ya'yansa mata ƙanana, har sai da aka ɗaukar wa iyalinsa masu gadi. 'Yan sandan Houston suka bi sawu suka gano mutumin a wata ƙasa, ya amsa cewa ya yi caca a kan wasan ya faɗi, kuma a buge yake lokacin da ya rubuta. Ya ba da haƙuri, wai. Ga giyar nan dai ta sake zuwa aikinta na wanki. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe ƙofar cacar wasanni a 2018, ɗan kallo ya tashi daga mai goyon baya ya koma mai bin bashi, yana ganin duk ƙwallon da ta kuɓuce daga aljihunsa ta fita. Gasar da ke kukan ana yi wa 'yan wasanta barazana ita ce ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin cacar, har tashoshin talabijin da ke nuna wasannin ƙungiyoyi da dama aka sauya musu suna zuwa FanDuel Sports Network, sunan kamfanin caca, a ƙarshen 2024. Ni da na kunna domin in ga ƙwallo, kafin a jefa ta farko an riga an gaya mini sau uku nawa zan samu idan na zuba dala biyar.