Ranar da na yi wa Ciyaman ƙaho

Saura kwana huɗu Babbar Sallah ragon Ciyaman ya tsinke igiya. Kun dai san shi, Balamin nan da ya ɗauko daga Zango na Tudun Wada, wanda har yau bai gaya wa Hajiya ainihin kuɗinsa ba. Da yake ni ne sakataren ƙungiyar layinmu, kuma rabin maƙwabta Hausarsu ta cefane ce kawai, aka ce in rubuta cigiya da Turanci. A tsaye na rubuta, na buga kwafi 20, na bi turakun wuta da bangon masallaci na liƙa, na jefa a WhatsApp:

"Missing: a white ram belonging to our Chairman with long horns and a black mouth. Last seen eating refuse behind the mosque, the Chairman will reward anyone with useful information."

Wallahi da na sake karantawa har kaina sai da ya kumbura.

An idar da Magariba ana ta laluben takalma, sai Baba Hedimasta ya yi gyaran murya ya ce kada kowa ya motsa. Takardata ce a hannunsa, ya ɓamɓaro ta daga bango. Ya saka tabarau, ya zaro jan biro daga aljihun gaba. Mutumin da ya yi ritaya tun ina aji uku, amma har masallaci da jan biro yake zuwa.

"Sakatare, zo nan ɗana. Wa ke da dogayen ƙahoni a layin nan?"

Na ce, "Rago, Baba."

"A ranka rago ne. A takarda fa?" Ya karanta a hankali, yana jan kowace kalma: "Our Chairman... with long horns." Sannan ya juya ya ƙare wa hular Alhaji kallo. Jama'a ma kowa ya kalli hular. Ladan ya toshe baki da hannun riga.

Baba ya ce Turawa na kiran wannan "misplaced modifier", wato siffar da ta ɓata mazauni. A Turanci, in ji shi, siffa kamar kaska take, wanda ke kusa da ita shi take maƙale wa. Na ajiye ƙaho da baƙin baki a gefen Ciyaman, rago kuwa na baro shi can farkon jimla.

Na ce to an ji, za a gyara. Ina! Ashe bai ma fara ba.

"Na biyun ya fi muni. Wa aka gani yana cin bola a bayan masallaci?" Ya ɗora bakin biro a kan waƙafin. Ya ce duk jimlar da ta buɗe da irin wannan guntun bayani, wanda ya fara zuwa bayan waƙafi shi ne mai aikin. "Wa ya zo bayan waƙafi, ɗana? Ɗaga murya, na baya ba su ji."

Na ce, "Ciyaman."

Wannan kuma sunanta "dangling modifier", mai reto, don ragon ma ba ya cikin jimlar sam, bayanin na ta lilo har ya samu wuyan Alhaji ya rataya. Gumi ya keto min duk da iskar damina. Alhaji bai ce uffan ba, carbinsa kawai yake ja da sauri. Yaran layi kuwa tuni sun kafa yatsu a goshi suna tunkuyi.

Abin da ya fi ƙona min rai, Baban nan wata bakwai ke nan bai biya kuɗin 'yan sintiri ba. Littafin yana hannuna. Tsanina na ƙarfe da ya ara tun lokacin gyaran indararo yana jingine a zaurensa, kullum in na wuce sai mun haɗa ido da shi. Lambata na wayarsa, da ya kira ni gefe ai da an rufa asiri. Amma mutum ya shekara da shekaru yana makin WAEC, yanzu babu wanda zai ba F9, sai ni da na sha wuya na samu C6.

Cikin zafin rai na koma gida na aika gyara a WhatsApp: "Tied with a blue rope, the Chairman last saw the ram behind the mosque." Garin neman gira na rasa ido. Ko minti biyu ba a yi ba saƙon muryar Baba ya shigo: "Madalla, ɗana. Ka fitar da shi daga bola, yanzu kuma ka ɗaure shi."

Ƙarshenta 'yata ta aji biyar a sakandare ce ta karɓi wayar ta rubuta: "The Chairman's ram, which has long horns and a black mouth, is missing. It was last seen behind the mosque." Ta miƙo min ko kallona ba ta yi ba.

Ragon dai da asuba ya dawo da ƙafarsa, aka same shi a ƙofar mai kayan miya yana cin ganyen kabeji. Ranar rabon nama an kawo mana ƙafa ɗaya da ɗan tumbi, bara kuwa cinya guda muka samu. Maiɗakina ta ce wataƙila tsadar rago ce. Tsanin ma har yanzu yana can.