"Me ya sa ba wanda ya faɗa min?"

A wani wuri da na taɓa aiki, ogan namu kullum da tambaya ɗaya yake rufe taro: "Akwai mai magana?" Yana yin tambayar yana rufe kwamfutarsa, makullin mota na hannunsa. To wa zai yi magana? Sai kowa ya ce babu, ranka ya daɗe.

Ranar nan mai kula da sito, wani dattijo da ya fi kowa daɗewa a wurin, ya ɗaga hannu. Ya ce kayan da muke karɓa daga sabon dillali suna zuwa da matsala, kwastomomi sun fara dawo da su. Oga bai bari ya kai aya ba. Ya ce, "Baba, ka ji da sitonka, ka bar mana lissafi." Aka yi dariya, har da ni, Allah Ya yafe min. Dattijon bai ƙara buɗe baki a taro ba. Kaya kuwa suka ci gaba da dawowa, sai da manyan kwastomomi biyu suka janye, sannan oga ya kira taron gaggawa yana buga tebur yana cewa me ya sa ba wanda ya faɗa masa.

An faɗa masa. Shi ne ya koya mana cewa faɗa masa gaskiya tana da tsada.

Abin da shugabanni da yawa ba su gane ba ke nan. A zatonsu saurare shi ne ka yi shiru har mai magana ya gama, alhali a cikin shirun nan amsa kake haɗawa. Ni a ganina ana gane shugaba mai saurare ne da irin labarin da ke isa teburinsa. Idan kullum "komai lafiya" ake kawo maka, to ba lafiya, tace maka labari ake yi tun daga ƙasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a kamfani masu ɗakin su ne direba, mai sito da yarinyar da ke amsa wayar kwastoma.

Ku dubi abin da ya faru a Amurka a 1986. Daren 27 ga Janairu, injiniyoyin Morton Thiokol, kamfanin da ya ƙera rokokin da ke ɗaga kumbon 'yan sama jannati, cikinsu har da Roger Boisjoly, suka ba da shawarar kada a harba kumbon Challenger, domin tsananin sanyi zai taurara zoben robar da ke toshe mahaɗar rokokin. An ba su dama sun yi bayani ta waya da jami'an NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, sun aika da takardu da alƙaluma. Amma da matsin lamba ya yi yawa, manajojin kamfanin suka keɓe, suka sauya matsaya, suka sa hannu a harba. Washegari, daƙiƙa 73 da tashi, kumbon ya tarwatse da mutum bakwai a ciki. Babu wanda zai ce bai ji gargaɗin ba. Kunne ya ji, sai dai an riga an yanke hukunci a zuci, abin da ake nema kawai shi ne wanda zai ce to.

Toyota kuwa ta mayar da saurare tsarin aiki, ba ta bar shi ga halin oga ba. A masana'antunta, ƙaramin ma'aikaci da ya ga kuskure yana da ikon jan igiya, shugaban sashe ya taho da sauri, in ba a warware matsalar nan take ba layin haɗa motoci ya tsaya. Ka yi tunanin asarar da tsayar da layi ke jawowa, amma suka ga ta fi sauƙi a kan mota mai aibi ta isa hannun mai saye.

Haka abin yake a wajen kwastoma. Coca-Cola ta yi gwajin ɗanɗano mai yawa kafin ta sauya lemonta a 1985, mutane suka ce sabon ya fi daɗi. Abin da ba ta auna da kyau ba shi ne yadda za su ji in an ɗauke musu tsohon gaba ɗaya. Bayan kwana 79 dole ta dawo da shi.

Na san wani zai ce ai ba kowace magana ce abin ɗauka ba, akwai masu ƙorafi don ƙorafi. Gaskiya ne, na yi aiki da irinsu. Saurare ba ya nufin ka bi duk abin da aka ce. Amma in ka ƙi shawara, koma wa mai ita ka faɗa masa dalili. Mutum yana jure a ce masa a'a, abin da ba ya jurewa shi ne maganarsa ta faɗa rijiya.

Yanzu da nake da mutane a ƙarƙashina, ni ne na ƙarshen magana a taro, domin da zarar oga ya faɗi ra'ayinsa sauran sai gyaɗa kai. Wayata kuma a aljihu take zama. Har yau nakan kama kaina ina katse mutum a tsakiyar zance, sai fuskar dattijon nan ta faɗo min a rai lokacin da yake sauke hannunsa a hankali, in ce, "Yi haƙuri, ƙarasa."